Yadda Ake Zaɓen Talabijin da Kayan Sauti Don Haɗa Sinimar Gida

Mafi yawan masu son mayar da falonsu wurin kallo irin na sinima daga shago suke farawa. Mutum zai shiga kasuwar Sabon Gari a Kano, ko Alaba a Legas, ya tsaya gaban talabijin ɗin da ya fi sauran haske, ya yi ciniki ya ɗauko, sannan da ɗan canjin da ya rage ya nemi kowace irin sifika ya haɗa. Wannan tsari shi ke haifar da falon da hotonsa ke ɗaukar ido amma ba a jin maganar 'yan wasa sai an ƙure murya, kuma da damina ta kama, tsawa ɗaya ta isa ta mayar da dukiyar gaba ɗaya kayan gyara. Aikin ya kamata ya fara ne a cikin ɗakin da za a ajiye kayan, da tef ɗin awo a hannu, domin ɗaki da irin wutar da gidan ke samu da abin da iyali suka saba kallo su ne za su yanke hukuncin abin da ya dace a saya, ba lambobin da aka buga a jikin kwali ba.

Abubuwa uku ake rubutawa kafin a fita. Na farko shi ne tazarar da ke tsakanin kujerar da aka fi zama a kai da bangon da za a kafa talabijin. Na biyu shi ne inda tagogi suke da lokacin da rana ke shigowa ta cikinsu. Na uku kuma shi ne yadda kujeru suke a jere, wato ko duka suna fuskantar bango ɗaya ne, ko kuwa sun zagaye ɗakin ta ɓangarori uku kamar yadda aka saba a falukanmu.

Girman fuska da irinta

Ana auna talabijin ne da inci, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ba daga hagu zuwa dama ba. Saboda haka mai inci 55 faɗinsa kusan santimita 122 ne, mai inci 65 kusan 144, mai inci 75 kuwa kusan 166, kuma yana da kyau a zana wannan faɗin a bango da alli don a ga yadda zai zauna. Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE ta ba da shawarar cewa fuskar ta cika aƙalla digiri 30 na abin da ido ke gani, yayin da kamfanin THX ya fi son digiri 40 ga mai neman jin kamar yana sinima. Hanya mai sauƙi ta yin wannan lissafi ita ce a auna tazarar zama da santimita, a raba ta gida 4 don samun ƙaramin girman da ya dace, a kuma raba ta gida 3 don samun babban. Wanda kujerarsa ke mita biyu da rabi daga bango zai samu tsakanin inci 62 da 83, ma'ana mai inci 65 ko 75 ne ya dace da shi, kuma mai inci 43 da yake shirin saye zai yi masa ƙanƙanta ƙwarai. Da wuya a ji wanda ya yi nadamar sayen babban talabijin, amma masu cewa da sun sani da sun ƙara inci goma suna da yawa.

Tsayin da ake kafa shi ma yana da ƙa'ida, kuma a nan ne masu kafawa suka fi yin kuskure, domin sukan ɗaga shi kusa da silin don ya yi kyau a ido ko don gudun hannun yara. Tsakiyar fuskar ya kamata ta yi daidai da idon mutum a zaune, wanda ga kujerar falo yakan kama kusan mita ɗaya daga ƙasa, ko sama da haka kaɗan. Idan iyali sun fi zama a kan kafet, sai a ƙara saukar da shi.

Maganar yawan ɗigon hoto ba ta da wahala. Full HD yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, 4K kuma yana da 3840 da 2160, wato ninki huɗu, sama da ɗigo miliyan 8. Daga inci 50 zuwa sama kusan duk abin da ke kasuwa yanzu 4K ne, don haka ba wani zaɓi ba ne da za a daɗe ana tunani a kai, kuma 8K ba shi da abin kallo da zai sa a biya kuɗinsa. Abin da ya fi cancantar kulawa shi ne yadda talabijin ke gyara hoton da bai kai 4K ba, domin abin da dikodar DStv ko StarTimes ko Canal+ ke kawowa, da shirye-shiryen Arewa24, da finafinan Kannywood da ake sakawa a YouTube, galibinsu HD ne ko ƙasa da haka. Talabijin biyu masu girma ɗaya da lamba ɗaya ta 4K za su iya bambanta sosai a wannan aiki, ɗaya ya fito da fuskokin mutane sarai, ɗayan kuma ya dagula su.

Ba za a gane wannan bambanci da bidiyon da shago ke nunawa ba, domin an shirya shi ne musamman don ya burge, kuma an saita talabijin ɗin a yanayin talla mai tsananin haske da launi. Mai saye ya tafi da filashinsa ɗauke da abubuwa uku: guntun fim irin wanda iyalinsa ke kallo kullum, guntun wasan ƙwallo, da wani yanki na fim da aka ɗauka cikin duhu. Ya karɓi rimot da hannunsa, ya mayar da saitin hoto zuwa Cinema ko Movie ko Filmmaker Mode, sannan ya kalla. A yankin duhu ya duba ko baƙi ya fito baƙi ne ko toka-toka, ya kuma duba gefuna da kusurwoyi ko haske na tsiyayowa daga cikinsu. A wasan ƙwallo ya bi ƙwallon da ido lokacin da aka buga ta da ƙarfi, ya ga ko tana jan wutsiya a bayanta. Daga nan ya tako zuwa gefe, har inda kujerar ƙarshe ta falonsa za ta kasance, ya ga ko launi ya kode.

Wannan gwaji na ƙarshe shi ke bayyana irin gilashin da ke ciki. Talabijin ɗin da ake kira LED a gaskiya LCD ne da fitilu a bayansa, kuma gilashinsa iri biyu ne suka fi yawa. Nau'in VA yana ba da baƙi mai zurfi amma launinsa na kodewa idan an kalle shi daga gefe, nau'in IPS kuwa yana riƙe launi daga kowace kusurwa amma baƙinsa bai kai na VA ba. Ga ɗakin da mutum biyu ko uku za su zauna a gaba da daddare, VA ya fi. Ga falon da kujeru suka zagaye, inda ranar babban wasa abokai ke cika shi har ƙofa, IPS ya fi adalci ga kowa. QLED ma LCD ne, sai dai an ƙara masa wani shimfiɗi da ke inganta launi, kuma Mini-LED na nufin an yawaita ƙananan fitilun baya yadda za a iya rage hasken wani yanki a bar wani. OLED ne kaɗai ya bambanta daga tushe, domin kowane ɗigo nasa da kansa yake haske kuma da kansa yake mutuwa, shi ya sa baƙinsa cikakke ne kuma ana ganinsa daidai daga ko'ina. LG ya fara sayar da manyan talabijin na OLED a 2013, kuma har yanzu masu OLED ne galibi suka fi tsada. Suna da rauni guda da ya shafi gidajenmu kai tsaye: idan ana barin tasha ɗaya a kunne daga safe har dare, tambarin tashar ko layin labarai da ke ƙasa na iya barin tabo na dindindin a fuskar. Gidan da talabijin ba ya hutawa, ko falon da rana ke cika shi, Mini-LED ko QLED mai ƙarfin haske ya fi masa.

Akwai kalmomi biyu a jikin kwali da bai kamata a ɗauke su da muhimmanci ba sai an bincika. Ta farko HDR ce, wato tsarin da ke faɗaɗa bambancin haske da duhu a hoto: ƙananan talabijin da yawa suna karɓar hoton HDR amma haskensu bai wuce nit 300 ba (nit ma'aunin hasken fuska ne), alhali ana bukatar kusan 600 zuwa 1000 kafin bambancin ya fito. Ta biyu ita ce saurin sabunta hoto, inda kamfanoni ke rubuta manyan lambobi da sunayen da suka ƙirƙira, amma ainihin gilashin 50 ko 60 ne a daƙiƙa, ko kuma 100 ko 120 a masu tsada. Mai PlayStation 5 da ke son wasa da 4K a kan 120 shi ne ke bukatar na biyun tare da mashigar HDMI 2.1. Game da manhajar ciki kuwa, ko Google TV ce, ko Tizen ta Samsung, ko webOS ta LG, ko VIDAA ta Hisense, kada ta zama dalilin zaɓi, domin takan tsufa kafin gilashin, kuma ƙaramar na'ura mai araha da ake sokawa a HDMI na maye gurbinta. Mai niyyar kallon 4K ta intanet kuma ya yi lissafin data tun da wuri, tunda Netflix na neman saurin megabit 15 a daƙiƙa, kuma awa ɗaya na iya cinye har gigabayit 7.

Majigi

Wanda ke son hoto mai inci 100 ko fiye, majigi ne hanyarsa mafi sauƙin kuɗi, da sharaɗin yana da ɗakin da zai iya duhuntawa da labule mai kauri. A duba haskensa da ma'aunin ANSI lumen, domin ƙananan majigai masu araha sukan rubuta dubban lumen da ba na wannan ma'auni ba, kuma sukan ce suna karɓar 1080 alhali ainihin ɗigonsu bai kai haka ba. A duba kuma lambar nisan jifa: majigi mai lamba 1.5 na bukatar ya zauna nisan da ya ninka faɗin allo sau ɗaya da rabi, don haka allo mai inci 100, wanda faɗinsa kusan mita 2.2 ne, zai so majigin ya koma baya mita 3.3. Mai ƙwan fitila yana cin wuta sosai, ƙwan na ƙarewa bayan sa'o'i dubu kaɗan, kuma yana bukatar fankarsa ta ci gaba da juyawa bayan an kashe shi, abin da ɗaukewar wuta ba zato ke hana shi. Mai hasken lesa yakan kai kusan sa'o'i 20,000. Ƙurar hunturu abokiyar gabar dukansu ce, sai ana wanke matacin iska ana kuma rufe na'urar idan ba a amfani da ita. A ganina, ga falon da ake zama da rana, babban talabijin ya fi majigi kwanciyar hankali.

Sauti

A nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin a nan aka fi yin asara. Talabijin na zamani ya yi siririn da ba shi da wurin sifika ta kirki, kuma 'yan ƙananan da ke ciki ƙasa ko baya suke fuskanta, shi ya sa magana ke fitowa a shaƙe. Hanyoyin gyara wannan uku ne: sandar sauti da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, ko kwalin nan da ake kira hom tiyata mai wufa da ƙananan sifikoki, ko kuma amfilifayar sinima da ake haɗa wa sifikoki daban-daban.

Kafin zaɓi, a fahimci lambobin da ake rubutawa. A 5.1, biyar ɗin na nufin sifikar hagu da ta dama da ta tsakiya a gaba, da biyu na gefe ko baya, ɗayan kuma wufa ce mai fitar da ƙasan sauti. A 7.1 an ƙara biyu a baya, a 5.1.2 kuma lambar ƙarshe na nufin sifikoki biyu na sama don Dolby Atmos, tsarin da ya shiga gidajen sinima a 2012 ya kuma iso gidaje a 2014. Kowace daga cikin sifikokin nan tana da nata saƙon daban da aka naɗa a cikin fim, kuma kusan duk magana ta sifikar tsakiya take fitowa.

Wannan ne ya sa ake bukatar taka-tsantsan da kwalayen hom tiyata da suka cika kasuwa. Da yawansu suna da sifikoki biyar da wufa, an rubuta 5.1 da manyan haruffa, amma idan aka juya bayan wufar za a tarar mashigarta ja da fari ce kawai, sai Bluetooth da wurin filashi. Irin wannan na'ura sauti mai hanya biyu take karɓa ta rarraba shi ga sifikoki biyar, don haka ƙara ce ke yawaita ba kewayen sauti ba. Ta gaskiya za a ga tana da mashigar HDMI mai alamar ARC, wadda ke karɓar sauti daga talabijin, ko mashigar wayar haske (optical), da tambarin Dolby ko DTS. Haka kuma lambar wat da ake rubutawa da PMPO ba ta da wata ma'ana, RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya ci gaba da fitarwa, ita ake dubawa. Idan ba a rubuta ta ba, akwai hanya mai sauƙi ta kama ƙarya: a karanta 'yar takardar da ke manne kusa da wayar wuta, inda aka rubuta abin da na'urar ke ja daga soket. Na'urar da ke jan wat 60 ba za ta iya ci gaba da fitar da wat 3000 ba, ko me aka buga a gaban kwalin.

Sandar sauti ta dace da ɗan matsakaicin falo, da gidan haya inda ba a son fasa bango, da wanda ba ya son ganin wayoyi. A nemi mai 3.1 aƙalla, wato mai sifikar tsakiya ta musamman da wufa daban, domin mai 2.0 ba ta fi ta cikin talabijin da nisa ba. Waɗanda ke alƙawarin Atmos ta hanyar harba sauti sama ya dawo suna bukatar silin shimfiɗaɗɗe mai tauri wanda bai yi tsayi da yawa ba, kuma silin POP mai hawa-hawa da ado, irin wanda ake yayi yanzu, yana wargaza wannan dabara. Tunda kuma yawancin abin da ake kallo a gidajenmu da sauti mai hanya biyu ko 5.1 yake zuwa, kuɗin Atmos gara a zuba shi a wufa mai kyau.

Amfilifayar sinima, irin ta Denon ko Yamaha ko Marantz ko Onkyo ko Sony, ita ce hanyar da ta fi tsada kuma ta fi daɗewa, domin ana iya gina ta sannu a hankali. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da amfilifaya da sifikoki biyu masu kyau na gaba, bayan wani lokaci ya ƙara ta tsakiya, sannan wufa, na baya su zo a ƙarshe. Sifikoki biyu nagari sun fi biyar marasa kyau daɗin ji nesa ba kusa ba. Ukun gaba su kasance daga kamfani ɗaya kuma jeri ɗaya, don kada muryar mutum ta sauya kama idan ya taka daga hagu zuwa tsakiyar hoto. A jikin sifika lambobi biyu ake dubawa. Ɗaya ita ce om, ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ke shigarta, wadda takan zama 8 ko 6 ko 4, kuma mai om 4 na wahalar da ƙaramar amfilifaya har ta yi zafi ta kashe kanta. Ɗayar ita ce yawan ƙarar da sifika ke bayarwa a kan wat ɗaya, wadda ake aunawa da desibel, inda kowane ƙarin desibel 3 ke daidai da ninka wat sau biyu, ma'ana sifika mai 90 za ta ba da ƙarar da mai 87 ke bayarwa da rabin ƙarfin amfilifaya. A jikin amfilifaya kuma a nemi wat ɗin da aka auna da sifikoki biyu suna aiki tare a om 8, domin wasu kamfanoni da sifika ɗaya suke awo don lambar ta kumbura. A ƙirga mashigun HDMI a tabbatar sun ishi dikoda da na'urar wasa da abin da za a ƙaro gaba, a kuma tabbatar suna wuce da hoton 4K.

Jera sifikoki ba ya cin ko kwabo, amma yana sauya sauti fiye da ƙarin kuɗi. Ta hagu da ta dama su buɗe kusan digiri 30 kowacce daga tsakiya, wato su da mai zama su yi kusurwa uku masu tsayi ɗaya, kuma ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti ya yi daidai da kunne. Ta tsakiya ta zauna dab da ƙasan talabijin, a bakin teburi ba can cikin lungun kabad ba. Na gefe su koma baya kaɗan da kafaɗar mai zama, kusan digiri 110, sama da kunne kaɗan. Wufa kuwa akwai dabarar nemo mata wuri: a ɗora ta a kan kujerar da ake zama, a kunna kiɗa mai nauyin ƙasa, sannan mutum ya durƙusa ya bi gefen bango yana saurare, inda ya ji ƙasan sautin ya fito a dunƙule ba tare da gunji ba, nan ne mazauninta. Idan aka gama, a saita mahaɗar sauti a kan 80 Hz, yadda duk abin da ya yi ƙasa da haka zai tafi wufa, sannan a soka ɗan makirufon da ke zuwa da amfilifayar a bar ta ta auna ɗakin da kanta. Denon da Marantz suna kiran nasu tsarin Audyssey, Yamaha kuma YPAO, kuma abin mamaki ne yawan gidajen da makirufon ke nan a ledarsa ba a taɓa buɗewa ba.

Shi ma ɗakin yana da nasa tasiri. A tsaya tsakiyar falo a tafa hannu sau ɗaya, idan aka ji amsa-kuwwa na bin tafin, to tayil da bango tsirara za su dagula magana komai tsadar sifika. Kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin, da labule mai nauyi, da kujerun yadi suna magance mafi yawan matsalar. Ƙasan sauti kuma yana ratsa bango ya shiga ɗakin maƙwabci, don haka wanda ke gidan haya ko gidan gandu ya koyi amfani da saitin dare, wanda ke ɗaga magana ya danne ƙarar fashewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako ba tare da cutar da kunne ba, kuma lokacin na raguwa da sauri idan ƙarar ta haura haka, ga yara ma ya fi ƙanƙanta.

Wayoyi ba sa bukatar dogon bayani. Mashigar ARC, wadda ta zo da HDMI 1.4 a 2009, tana mayar da sauti daga talabijin zuwa amfilifaya ta waya ɗaya, eARC kuma da ta zo da HDMI 2.1 a 2017 tana ɗaukar sauti mafi nauyi. Wayar haske na ɗaukar 5.1 na Dolby Digital amma ba ta ɗaukar Atmos. Wayar HDMI mai tsada ba ta ƙara wa hoto kyau, ko dai ta yi aiki ko ta riƙa yankewa, sai dai idan nisan ya yi yawa kamar na majigin da ke silin, inda ake bukatar ta musamman. Wayar sifika kuwa a nemi ta jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita 1.5, ko 2.5 ga na baya masu nisa, kuma a kankare bakinta da wuƙa a gani, domin idan fari ya fito a ƙarƙashi to alminiyam ne aka shafa wa ja. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a kowace sifika, in ba haka ba ƙasan sauti zai ɓace. Mai gini da bai rufe silin ba tukuna ya saka bututun wayoyin tun yanzu.

Wuta da ranar saye

Wutar Najeriya bolt 230 ce a hukumance, ta Nijar 220, dukansu a kan 50 Hz, alhali ta Amurka 120 ce a kan 60 Hz. Talabijin da yawa na karɓar daga 100 zuwa 240, amma amfilifaya da wufa da aka yi don kasuwar Amurka galibi 120 kaɗai suke karɓa, kuma soka su a soket ɗinmu ba tare da taransifoma ba na ƙone su nan take. Duk mai sayen na hannu da aka shigo da su daga waje, ko wanda ɗan'uwa zai aiko masa, ya karanta rubutun da ke bayan na'urar kafin komai.

Sitabilaiza ba abin da za a jinkirta ba ce, a rana ɗaya ake sayenta da talabijin. A tara wat ɗin kowace na'ura kamar yadda aka rubuta a bayanta, a ƙara rabin jimillar a kai, sannan a tuna cewa lambar da ke jikin sitabilaiza da ma'aunin VA (bolt-amfiya) take, ba wat ba, kuma mai 1000 ba ta ɗaukar fiye da kusan wat 800. A zaɓi mai jinkirin kunnawa, wadda ke dakatawa kaɗan bayan an dawo da wuta, domin lokacin dawowar wuta da lokacin sauyawa zuwa janareto su ne suka fi kashe kaya. Mai amfani da hasken rana ya tabbatar inbatarsa mai tsabtataccen zubin wuta ce, wadda 'yan kasuwa ke kira fiyo sayin, tunda ɗaya nau'in na sa sifika gurnani yana kuma gasa taransifomar amfilifaya. Tsawa kuwa sau da yawa ba ta soket take shigowa ba, ta wayar dish take bi ta shiga dikoda, daga nan ta bi HDMI ta ƙone mashigar talabijin da ta amfilifaya, don haka idan hadari ya haɗo, kashe soket bai isa ba sai an zare wayar dish ɗin ma. Amfilifaya tana son iska, musamman a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, saboda haka kada a kulle ta a kabad mai gilashi, kada kuma a ɗora dikoda a kan ramukan iskarta.

Idan za a raba kuɗi, shawarata ita ce kusan rabi ya tafi ga hoto, kashi ɗaya cikin uku ko sama da haka ga sauti, ragowar kuma ga sitabilaiza da wayoyi da ƙarfen kafawa da ladan mai aiki. A ranar saye, a sa a buɗe kwalin a shago a kunna talabijin ɗin, a nuna fari zalla da baƙi zalla da ja da kore da shuɗi a duk faɗin fuskar don a gano mataccen ɗigo ko layi, a kuma gwada kowace mashigar HDMI ɗaya bayan ɗaya. Jabun talabijin ɗauke da sunayen manyan kamfanoni suna yawo a kasuwa, don haka a shiga saitin na'urar a duba lambar samfuri da lambar shaida, a gwada su da waɗanda ke bayan talabijin da jikin kwali, a ga ko manhajar da ke ciki ita ce ta kamfanin da aka rubuta sunansa. A sa mai shago ya rubuta lambar shaidar a kan rasit tare da tsawon garanti da inda ake kai gyara. Wajen ɗaukowa gida kuma, a tsaye ake ɗora babban talabijin a mota, domin kwantar da shi na iya tsaga gilashin a kan hanya mai gargada, kuma garanti ba ya ɗaukar fashewar gilashi.